Igiyoyin da ke cikin rana

Autanmu ya dawo gida Yekuwa da bazara, bayan ya gama digiri na biyu a ƙasar waje. An ba shi burus, wato tallafin karatu, ya koma ya yi na dokta, amma Baba ya ce ba zai sa albarka ba sai ya gane abin da yaron yake yi a can. In bai gane ba, ga gona, ga lakwal ɗin Dungas tana neman malamin lissafi.

A lokacin ina karanta labarai a gidan rediyo a Magariya, don haka aka kirawo ni tafinta. Na hau kabu-kabu na iske su a bakin rijiya. Baba na zaune kan amalanke, shanu suna jan guga.

"To, Mushe," in ji Baba, yana kiran Auta yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, "ga mai fassara ta iso. Faɗi."

Auta ya fara da Faransanci. Na ce ya yi a hankali, na riƙa juyawa. Rana iska ce da zafi ya raba ƙwayoyinta har suka ɗauki lantarki, ita ce masana ke kira filasma. A cikinta akwai layukan maganaɗisu, miƙaƙƙu kamar igiyoyi. Idan biyu masu fuskantar juna suka matsu, sai su tsinke, kowane ya haɗe da guntun ɗan'uwansa, ƙarfin da ke ɗaure ya fita gaba ɗaya. Wani lokaci yakan iso duniya ya dagula rediyo da wutar lantarki.

"Shi ke nan? Ai ka gama sani. Zauna gida."

"Da sauran magana, Baba," Auta ya koma Hausa da kansa. "Tsohon lissafi ya ce abin zai ɗauki dogon lokaci ƙwarai. Rana kuwa kafin a shayar da garke ɗaya ta gama."

"Lissafin naku ne ya yi ƙarya, ko ranar?"

"Lissafin. An yi shi kamar iskar a kwance take, alhali tafasa take yi."

Ya nuna rijiyar. Ranar da babu jama'a, igiya biyu wuri ɗaya suke gogar juna, sai a daɗe ba su cinye ba. Ranar da makiyaya suka sauka, kowa na zura nasa gugan, igiyoyi su sarƙe sama da ƙasa, su ci juna a wurare da yawa lokaci guda. Hargitsin nan yake aunawa, ya ga yadda yake gaggauta tsinkewar.

Baba ya dubi igiyoyin.

"Tun ina yaro nake jan ruwa a nan. Ban taɓa ganin igiya ta tsinke ta ɗaure kanta ba."

Na so in gyara masa misalin, don gyaran magana sana'ata ce. Auta ya riga ni.

"Gaskiya ne. A nan misalin ya ƙare. Ta cikin rana tana yi, ta rijiya ba ta yi."

"Kana iya hana ta?"

"A'a."

"Yaya, ke fa? Kin gane, ko baki kawai kike arawa?" Haka Baba yake kirana in yana tsokana.

Na ce na gane rabi.

Ya juya ga Auta. "Hargitsin nan, ka tabbata shi ne?"

Na yi wa Auta ido ya ce e. Bai kalle ni ba.

"Muna da hujja mai ƙarfi, Baba, amma ba mu gama tabbatarwa ba. Akwai masu ganin da wani dalilin a ciki."

Na ɗauka zancen ya mutu. Baba ya sauko daga amalanke yana kakkaɓe rigarsa.

"Ashe noman naka na can ma rabi ka yi ka taho. A gidan nan ba a barin gona haka." Ya miƙa masa hannu. "Ka tsaya a yi shuka da kai, sannan ka koma. Allah ya yi maka albarka."