Tsaf-Tsaf Ya Wanke Ƙwayoyin Kama Kabon

Mijin yayata, wanda kowa ke kira Tsaf-Tsaf, bai taɓa yarda akwai abin da ruwa da sabulu ba za su gyara ba. Mahaifiyarsa da bakinta ta ce tun yana yaro sai ya wanke sabulu kafin ya yi wanka da shi. Girma bai rage komai ba. Safa ma sai ya goge ta, baƙo kuwa tun bai gama fita falo ba ake bin sawunsa da tsumma. Ni in na je, kujerar roba yake turo mini, wai ƙannen mata ba su san darajar kushin ba.

A masana'antar siminti yake aiki, suna zaune a gidajen ma'aikata, ɗaki biyu da falo da famfo. Yaya ta sha zaman haya har ta gode Allah, don haka gidan nan shi ne ranta. Har lemo ta dasa a bayan kicin tana jiran ya fara 'ya'ya.

Sashensu shi ne na kama iskar kabon, wadda ake cewa ita ke ƙara wa duniya zafi. Kafin hayaƙi ya fita sama, ana bi da shi ta wasu dogayen tankuna da aka cika da ƙwayoyi masu kama da tsakuwa. Kowace ƙwaya ramuka ne a jikinta kamar soso, sai dai ido ba ya ganinsu. Kabon ya maƙale a ramukan, sauran iska ta wuce. In sun ƙoshi a gasa su, su amayar da abin da suka sha a wani tankin, su koma aiki. Aikin Tsaf-Tsaf bai wuce tsaron buhunan ƙwayoyin a sito ba, amma in ka ji shi cikin abokai sai ka rantse shi ke tallafe da sama kada ta faɗo.

Doka ɗaya injiniyan sashen ya kafa masa: kada danshi ya taɓa su, domin ruwa yana riga kabon shiga ramukan. Tsaf-Tsaf ya ce to. Ya dawo gida yana tsaki, wai mutumin da wuyan rigarsa ya yi baƙi haka ba shi zai koya masa adana kaya ba.

Ana nan aka ce manyan kamfani za su zo ganin sashen, kuma za a naɗa shugaban sito. Gogan ya buɗe sababbin buhuna, ya ga ƙwayoyin sun yi furu-furu da ƙura, hankalinsa ya tashi. Ranar hutu ya je shi kaɗai, ya baje su a tamfol, ya zazzaga garin sabulu, ya saki ruwa. Ya cuɗa, ya ɗauraye, ya shanya, ya mayar buhu ya ɗinke. Ya dawo yana gaya wa Yaya ta fara shirin zama matar shugaba, ita kuma baiwar Allah ta ce amin.

Da su aka cika tanki, aka saki hayaƙi a gaban baƙi. Na'ura ta nuna kabon yana wucewa abinsa ko sallama babu. Da aka buɗe, ƙwayoyin sun dagargaje sun zama taɓo, wuri ya gauraye da ƙamshin wanki. Injiniya ya dafe kai. Ba a ma kai ga bincike ba, mutumin naku ya matso gaba cikin rigarsa mai kari, ya rusuna wa babban baƙo.

"Ranka ya daɗe, ni na wanke su. Da ka ga yadda suka zo, da kai ma ba ka yarda a nuna wa mutane ba."

A makon aka sallame shi. Gida kuwa na ma'aikata ne.

Na je taya su kwashe kaya, raina a ɓace, na shirya maganganun da zan yaɓa masa. Na tarar da Yaya tsaye a bayan kicin, lemon ya yi fure. Mota na jira a waje, an gama lodi. Shi kuwa yana durƙushe a falon da babu ko tabarma, da bokiti da tsumma, har yana ce mini in cire takalmi. Na cire takalmin na ajiye a ƙofa tare da maganganun da na shirya.

Yaya ta leƙo ta daɗe tana kallonsa.

"Baban yara, bar shi haka. Ba namu ba ne."

"Saura lungun nan," in ji shi, bai ko ɗago ba.

Ta taka inda ya goge da takalminta, ta fita ta shiga mota.