Ruwan da Aka Zuba Mana a Tankin Inkil

Da ƙarfe biyar da rabi na asuba muka haɗu a ƙofar gidana a Wunti: ni, da Malama Hauwa mai riƙe da wayar aiki, da Ɗanlami mai keke-napep. Aikinmu mu zagaya famfunan burtsatse da banɗakunan jama'a, mu duba, mu shigar a waya. Abin da muka shigar shi masu gyara suke gani a ofis. Inda aka ce famfo yana aiki, ba sa zuwa.

Wunti

Mun fara da banɗakin bakin kasuwa. Akwai ruwa, babu sabulu. Maman Chidi mai shagon robobi ta ce, "Baba, rubuta da kyau, sabulu ya gudu." Na ce sabulu ba ya gudu, ɗauke shi ake yi. Muka shigar.

Ƙofar Ran

Lungu ya fi ƙarfin keke, muka taka. Famfo biyu ne, ɗaya yana yoyo. A tsaye muka sha koko da ƙosai, Ɗanlami yana ta mitar tsadar mai.

Inkil

Da hantsi muka isa. Jauro Buba, mai unguwar, ya tarye mu da tabarma da ƙwaryar fura da nono. Da kansa ya murɗa famfo, ruwa ya zubo. Hauwa za ta shigar, na ce ta dakata. Ƙa'idata uku ce: a duba, a murɗa, a tambayi matan da suke ɗiba. To, babu mace ko ɗaya a wurin, ƙasan famfon kuma busasshe ƙamas muka tarar da shi.

Muna tsaye ruwan ya tsinke. Wata tsohuwa, Goggo Adama, ta zo wucewa da jarka a ka. Ta ce, "Jauro, ruwan baƙin ya ƙare ne?"

Jauro ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Malam, injin burtsatsen ya mutu tun kafin damina. Jiya muka ɗebo a rafi muka zuba a tanki. Baƙo ya taso daga gari, ya murɗa famfo ya ji iska? Ina zan sa fuskata?"

Ashe haka suka yi wa waɗanda suka zo kafin mu. Shi ya sa a ofis famfon Inkil lafiyarsa ƙalau, mata kuwa suna rafi. Jikar Goggo ba ta daɗe da dawowa daga asibiti ba, gudawa ta kwantar da ita.

Ban yi faɗa ba, domin na ga mutunci ne ya sa shi. Na ce, "Jauro, karamcinka ne ya hana masu gyara zuwa."

Jauro ya ce, "Za a sa sunana?"

Hauwa ta ce, "Sunan famfon kawai, Baffa."

Ya sake murɗa famfon, babu ko ɗigo, ya ce ta ɗauki hoto. Goggo ta ce, "Ɗiyata, ɗauki har da fason ƙafata, su gani."

Gida

Bayan la'asar muka dawo Wunti lafiya. Mun gode wa Allah, mun gode wa mutanen Inkil. Rahoton ya tafi, gyara muke jira.

Kai mai karatu, idan mun zo unguwarku, ka ba mu ruwan sha a kofi, mun gode. Amma famfo, don Allah ka bar mana shi yadda matanku suke samunsa.