Lugude a Ƙofar Ciyaman

Wata Litinin ce cikin watan Agusta, ana tsakiyar dogon hutu, shekarar da na gama aji huɗu na firamare. An yi ruwa da asuba, ƙasar Tudun Fulani ta yi laushi, ni kuwa na ɗauko robar waken alalar Inna a ka ina tsallake kwatami, ina sauri kada a riga ni layi a wurin markaɗe. Ina shan kwana sai na ga robobi da bokitai jere a ƙasa, mata sun yi cirko-cirko, ba ƙarar inji. Ƙofar rumfar a wangale, kwaɗon a yashe cikin taɓo, inda injin yake zama kuwa ba komai sai baƙin mai. Maman Rifkatu, mai injin, tana zaune a kan benci da hannu biyu a ka, ba ta kuka.

Mutuniyar kudancin Kaduna ce, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya da wannan tsohon inji, kuma da shi take ciyar da su. In babu shi, sai dai ta tattara ta koma ƙauye. Mu kuma rumfarta ce gidan rediyon unguwa. Injin yana da ƙara ga tari, don haka duk wani sirri sai an ɗaga murya ake faɗinsa, in ya mutu ba zato sai ƙarshen maganar ya faɗo a fili, kowa ya kama kallon bokitinsa. A nan na san wadda ta yi yaji da wanda aka kora daga aiki, a nan kuma na fara jin labarin Ciyaman.

Ba wanda ya san ciyaman ɗin mene ne. Dogo ne mai farar shadda da ƙamshin turare, yana da shagon kayan babura a bakin titi da samari da yawa da ba su da aikin fari bare na baƙi. In ya wuce mu muna carafke sai ya tsaya ya tambayi wa ke cinyewa, ya raba mana alewa. Da Sallah ya aika nama, da Kirsimeti ya aika shinkafa. Amma a wurin markaɗe ana cewa babur ɗin da ya ɓata a can unguwar Chanchaga da safe, kafin la'asar ya zama gunduwa-gunduwa a bayan shagonsa. In muka maimaita a gida, Inna ta murɗe mana kunne ta ce, "Baki shi ke yanka wuya." Abu ɗaya kowa ya yarda da shi: yaransa ba sa taɓa kayan unguwa. Shanya tana kwana a waje, akuya tana yawonta, mu yara har alfahari muke yi da haka a makaranta.

Kafin azahar labari ya gama zagawa cewa wasu sababbin yaransa ne suka ɗauke injin, baƙi da ba su san iyakar unguwa ba. Maza suka zauna a gindin mangwaro, wannan ya ce a kai ƙara, wancan ya ce wa zai sa hannu, aka tashi a kan a yi haƙuri. Inna gajeriya ce, amma harshenta ya fi ta tsawo. Ta gyara ɗaurin zane ta ce da mata, "Tunda ba inji, sai mu koma turmi. Ni kuwa ban ga fili mai kyau a unguwar nan ba kamar ƙofar gidan Ciyaman."

Washegari da hantsi muka gangara da turame, mu yara muna mirgina su muna ihu, matan Gbagyi sun saɓo nasu kayan a kafaɗa, matan coci da 'yan Islamiyya kowa da taɓaryarta. Aka jera a ƙofar gidan, aka zuba dawa da masara, aka kama lugude. Ban taɓa jin daɗin aiki irin na ranar ba. Mace ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ƙasa tana amsawa har cikin ƙirji. Sai waƙa ta tashi, ba a kama sunan kowa ba, ana dai yi wa wata kaza mai farin gashi habaici, wadda garin tone-tone ta tono wuƙar yanka ta. Mu kuma muka buɗe gaɗa a gefe. Baba ya dawo daga gonarsa ta Gwada da sabuwar doya, aka gasa a wurin, muka ci da manja da barkono har leɓunanmu suka yi ja. Da Ciyaman ya fito zai tafi shago, ya tsaya ya ce, "Sannunku da aiki." Matan suka haɗa baki, "Yawwa Ciyaman, aikin dole ne!" Ya ratsa tsakanin turame yana tattare bakin riga, gumi na bin wuyansa. Da gari ya sake wayewa muka dawo, har matarsa ta turo nata turmin waje, wai ita ma ba ta da wurin niƙa.

Ba a yi mako ba sai ga samarinsa sun turo inji a amalanke, shi yana biye. Sabo fil, koren fenti yana ƙyalli, ya fi na da girma. Guɗa ta kaure, ni har tsalle nake yi. Maman Rifkatu ta zagaya shi a hankali, ta zura yatsa a bakinsa, ta fito da shi jawur. Ta ɗaga yatsan ta ce da irin Hausarta, "Ciyaman, wannan ba nawa ba. Ga tattasai na wani mata a ciki, bai ma bushe ba. Ka mayar masa. Ni nawa nake so, mai tari."

Wallahi haushinta na ji, don gani nake za ta yi biyu babu, kuma ba a taɓa yi wa mutumin nan magana haka a gaban yaransa ba. Ya daɗe yana kallon yatsan nan. Inna ta ɗauki taɓarya ta sake dirka ta a turmi, sauran suka bi. Sai ya girgiza kai ya ce, "Maman Rifkatu, kin fi ƙarfina." Ya yi wa samarin alama suka juya da amalanken.

Da yammacin washegari nata ya dawo, da tsatsarsa da lanƙwasasshiyar ƙafarsa. Aka ja igiya ya ƙi, aka sake ja ya yi tari, ya yi tari, ya kama. Sai a lokacin ta fashe da kuka, tana kuka tana rawa, mata suna zuba mata gari a goshi. Ranar kyauta ta yi wa kowa markaɗe. Cikin ƙarar nan aka kwarara mana sabon labari, wai wata mata a can Chanchaga ta tarar da koren injinta a ƙofar gida.

Ba na cewa Ciyaman mutumin kirki ne. Masu babura da yawa sun yi kuka saboda shi, kuma na ji a gidan yari ya tsufa. Matan nan nake kewa, waɗanda ba su da komai sai taɓarya da baki, suka hana a kori ɗaya daga cikinsu. Yau ina zaune a gida mai katanga da ƙofar ƙarfe, ina markaɗe ni kaɗai a kicin, ɓarayin yanzu kuwa ta waya suke shigowa, ba fuska bare ƙofar da za a je a yi musu waƙa. Kwanaki aka yi wa maƙwabciyata sata, sai a waya na gani, na rubuta mata Allah ya mayar da alheri. Ban ma san sunan 'ya'yanta ba.