Gadon Farko Ba Kowane Lokaci Yake Fanko Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga wata, da hantsi, ƙaninka ya kira ofis ya ce ka cika. Ina zaune gefen kujerarka, rigar sanyinka na rataye a kai.

Sai-na-gani muke kiranka, don ba ka yarda da komai a baki. Kai ka koya mini rubuta manhaja, kai ka riƙe aikina wata guda lokacin da matata ta haihu da wahala, ba ka taɓa goranta mini ba. Amma ko gaisuwa aka yi maka da zaƙi, sai ka ɗaga gira.

Aikinka na ƙarshe manhajar raba gadaje ce ta wani asibiti. A cikin kwamfuta kowane gado bit ɗaya ne, wato alama kamar makunnin fitila: a kunne akwai mara lafiya, a kashe babu kowa. Aikin shi ne nemo na farko da ke kashe. Tsohon umarnin da muke ɗauka daga laburaren tsarin kwamfuta yana ƙirga daga ɗaya, in bai samu fanko ba ya dawo da sifili, wato babu. Manaja ya kawo sabo mai sauri, mai ƙirga daga sifili, wato a wurinsa sifili shi ne gadon farko. Ka ce a dakata sai ka gwada shi. In ɗaki ya cika aka dawo da sifili, manhajar za ta ɗauka gadon farko ake nufi, a turo mara lafiya kan mara lafiya. Ba ka gama gwajin ba ciwo ya kwantar da kai.

A wurin zaman makoki manaja ya fi kowa share ido. Wannan bawan Allah da ke canza hanya in ya hango ka! Washegari ya tara mu, ya ce za a saki manhajar ranar Litinin da sunanka a kai, don karramawa. Kowa ya ce madalla. Ni dai jikina bai ba ni ba. Tun yaushe ya fara son ka haka? In abu ya lalace, ai an samu wanda ba zai tashi ya kare kansa ba.

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, in don karramawa ne, a bar ni in ƙarasa gwajin. In kuma sauri ake yi, a cire sunansa a sa naka."

An ɗage ranar.

Ina kewarka ƙwarai, Yaya. Allah ya jiƙan ka, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka, da matarka, da 'ya'yanka uku, Allah ya ba su haƙuri. Ku sani ya bar muku suna mai tsabta, kuma muddin ina ofis ɗin nan ba wanda zai jingina masa laifin da bai yi ba.