Gwaggo Tambai da baƙon wuyanta

Kun dai san Gwaggo Tambai ta Gidan Sori ba ta taɓa kiran ciwo da sunansa ba. Mura ce, haƙori ne, duk baƙi ne a wajenta. "Baƙo raɓa ne," in ji ta, "in ya gaji shi tahi." Ni ɗan ƙanenta, ni na sha wuyar wannan karin magana.

Da ƙasusuwanta suka fara ciwo, ga ƙishirwar da randa guda ba ta kashewa, da kyar na ja ta asibitin Maraɗi. Likita ya ce akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu a wuya, kamar ƙwayar shinkafa, ɗaya ta kumbura tana zuƙe ƙarfin ƙashi tana zubawa cikin jini. In ba a yanka an cire ba, wata rana ƙashin zai karye.

Gwaggo ta dafe wuya. "Yanka? Ɗan nan, ragon layya ka ɗauke ni?"

Ranar aikin na iso da babur tun sassafe. Wai ta hau amalanke ta tafi roron wake! Na same ta a gona, na yi magiya har muryata ta dushe.

"Kai Sani, a gidanku da wuƙa aka korar baƙo?"

Bayan wata biyu wuyan ya kumbura kwana uku, yatsunta suna zugi. Na ce shi ke nan, na ɗora ta mota tana zagina. Aka auna jini sau biyu. Likita ya cire tabarau ya ce ƙwayar ta mutu da kanta, abin da ba kasafai ake gani ba, kuma ciwon yana iya dawowa, sai ta riƙa zuwa awon jini.

"Mi na hwaɗa maka?" Ta dube ni. "Ya ci, ya sha, ya yi sallama."

Wallahi haushi ya hana ni murna! Shekara bakwai ina jan ta awo, kowace tafiya sai ta shaida wa duk 'yan mota yadda na so a yanka ta.

Da tsufa ya kwantar da ita bara, na ce, "Gwaggo, wannan ma raɓa ne." Ta kama hannuna. "A'a, Sani. Wanga karon ni ce baƙuwar."

Allah Ya karɓi baƙuncinki, Gwaggo, Ya sauke ki a masauki mai sanyi.