Ranar da Na Miƙa Ɗan Farina Yaye

A shekarun saba'in ina matar aure a Ƙofar Kuyambana, da ɗan fari a goye, kuma duk unguwa ana yabona da kunya. Ban taɓa kiran sunan yaron nan ba, ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. Haka aka koya mana, ni kuwa na iya har na fi masu koyarwar.

Tun haihuwa ƙirjinsa ba ƙwari, hayaƙi kaɗan sai ya hau shaƙewa. Da lokacin yaye ya yi, uwar mijina ta aiko a kai mata shi, kamar yadda aka saba. A makon ne wata mura mai zazzaɓi ta shigo gari tana kwantar da yara gida-gida. Na sani sarai jikokinta suna kwance a ɗakinta suna tari, ɗakin da tagarsa ba ta wuce tafin hannu ba, ga garwashi, ga turare. Na so in ce a dakata. Amma wace marar kunya ce za ta buɗe baki a kan ɗan fari? Na yi masa wanka na miƙa.

Bayan 'yan kwanaki ƙanwar mijina ta zo ta ce jikinsa ya yi zafi, ya ƙi kunu, numfashinsa sama-sama. Ina tankaɗe na ce Allah ya sawwaƙe, kamar ɗan maƙwabta ake faɗa mini. Sai da ya daina kuka aka ɗauke mu zuwa asibitin Wusasa. Nas ɗin ta ce yaron da bai kai shekara biyu ba, ga raunin ƙirji, ba a cire shi daga nono a kwantar cikin masu mura. Ta tambaye ni sunansa, na sunkuyar da kai, ubansa ne ya amsa. Yaron bai kwana biyu ba ya rasu.

Ban ga laifin tsohuwa ba, ta fi ni kuka, don ni ko kukan a ɓoye na yi. Na gaji da juya abin a raina. 'Yan'uwana mata, in mura na gari ku raba ƙanana da masu tari da ɗakin hayaƙi, ku ɗaga yaye, kuma in numfashi ya canza ku yi magana ko gaban wa. Masu yabona duk sun manta. Ni kuwa yanzu na iya kiran sunan, sai dai babu mai amsawa.