Kwalaben da Tsohon Direba Ya Rufe

A unguwar ba wanda bai san Inna Mai Kwalba ba. Tun tana da ƙarfinta, in tumatir ya yi araha sai ta saya kwando-kwando, ta niƙa, ta dafa, ta ɗura a kwalabe masu murfin ƙarfe, ta sake tafasa su cikin ƙatuwar tukunya. In sun huce ta goge su, ta danna tsakiyar kowane murfi da yatsa. Wanda ya lotsa ya dawo, bai kama ba ke nan, ranar za a ci shi. Sauran ta jera su a ɗan siton bayan ɗakinta mai sanyi da duhu, bisa katako, ba ta taɓa ɗora wata kan wata ba. Kafin shekara ta zagayo maƙwabta sun saye su tas.

Da sanyin ƙashi ya kama mata yatsu, mijinta, tsohon direba, ya karɓi ɗaure murafe. Yana murɗawa yana tsokana: "Kin ga ikon Allah, daga sitiyarin tirela na dawo murza kwalba."

"Kai dai murza a hankali," in ji ta, "wannan ba ta da birki."

Wata shekara suka cika katakon tare, amma bai kai ga ɗanɗana ko ɗaya ba. Ciwon 'yan kwanaki ya yi, Allah ya karɓi abinsa. Inna ta bar sana'a, kwalaben kuwa ta hana kowa taɓawa. Ko miyarta ta rasa tumatir, gara ta sha haka. Da safe takan shiga siton ta tsaya jim, ta fito ta ja ƙofa.

Damina ta wuce, wata ta biyo. Rufin siton ya soma yoyo, ba mai hawa ya gyara. Tsatsa ta ci murafe.

Ranar da babbar 'yarta ta zo ganin gida, ta shiga siton neman tsintsiya, wari mai tsami ya tare ta. Murafe sun kumbura, wata kwalbar har ta yi kumfa ta zubo.

"Inna, kin ga halin da suke ciki kuwa?"

"Na gani. Ai ni na koya miki gane wadda ta lalace."

"To me kike jira?"

Inna ta ce, "Hannun babanku ne a kansu."

'Yar ta share ido da gefen mayafi. "Ko mu buɗe masu kyan gani, mu dafa?"

"Ko a harshe kada ki sa. Wadda ta kumbura ta faɗi gaskiyarta. Ta shirun nan ita ce abin tsoro."

Suka sa aka haƙa rami mai zurfi can nesa da rijiya, inda kaji ba za su tona ba. Ba su buɗe ko ɗaya ba. Inna ce ta riƙa ɗaukowa da hannu bibbiyu, tana miƙa wa 'yar, har katakon ya zama wayam.

'Yar ta roƙe ta su tafi tare, ta ce tukuna. Da tumatir ya sake cika kasuwa, maƙwabta suka yi ta sallama suna tambaya ko bana za a samu. Daga kan tabarma take amsa musu cewa yatsun sun ƙi.